Haraji da Rangwamensa a Tarihin Birnin Njamena

1.0 Gabatarwa

Duk inda hukuma ta aza haraji, akan sami waɗanda ta ɗauke wa shi baki ɗaya, da waɗanda ta rage wa, da kuma waɗanda suka nemi hanyar rage wa kansu. Saboda haka tarihin haraji ba ya cika sai an haɗa da tarihin rangwame. Wannan takarda za ta dubi yadda al'amarin ya gudana a Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, wanda Hausawa fatake da alhazai suka daɗe suna zaune a cikinsa. Za a faro daga abin da aka gada a masarautun yankin Tafkin Cadi, a bi ta zamanin Faransawa da na bayan samun mulkin kai, har zuwa dokokin da suka biyo bayan haƙo man fetur. Abin da za a nuna shi ne, a kowane zamani rangwamen da doka ta yarda da shi yana tafiya ne da takarda, kuma wanda bai mallaki takarda ba yakan koma ga wasu dabaru, kamar ƙaura da ɓoye dukiya, wani lokaci ma har da tawaye.

A nan, rangwame na nufin duk wani sassauci da hukuma ta amince da shi, ko yafewa ce gaba ɗaya, ko cire wani kaso daga abin da za a yi wa kuɗin haraji. Wannan ya bambanta da zille wa haraji, wato ƙin biyan abin da doka ta wajabta.

2.0 Kafin Zuwan Faransawa

Yankin da Njamena take a yau, wato mahaɗar kogin Shari da kogin Lagon, ya kasance tsakanin manyan dauloli uku: Barno daga yamma, Bagirmi daga kudu maso gabas, sai Wadai can gabas. Dukkansu dauloli ne na Musulunci, don haka tushen harajinsu zakka ce ta hatsi da ta dabbobi, sannan a ɗora wasu kuɗaɗe na al'ada. Ita Bagirmi, wadda babban birninta shi ne Masenya, ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana kai gaisuwar dole ga Wadai, wani lokaci kuma ga Barno, kuma talakawanta ne ke ɗaukar nauyin.

Daular Kanem-Barno ta bar wa tarihi wata irin takarda mai suna mahram. Takarda ce da Mai, wato sarki, yake bai wa wani malami ko wani gida, yana haramta wa hakimai da barada taɓa jininsu da dukiyarsu. Wanda ya riƙe mahram ba ya biyan haraji, ba a fita da shi yaƙi, kuma alfarmar tana bin zuriyarsa. Mafi daɗewa da ake ambato shi ne wanda ake dangantawa da Mai Hume Jilmi na ƙarshen ƙarni na 11, wanda aka ce ya bai wa malaminsa Muhammadu ɗan Mani, a lokacin da cibiyar daular take Kanem, cikin ƙasar Cadi ta yanzu. H. R. Palmer ya tattara da yawa daga irin waɗannan takardu ya buga su a shekarun 1920 da 1930. Gidajen da suka mallake su sun riƙa adana su suna sake kwafe su, kuma idan sabon sarki ya hau akan kai masa domin ya sabunta, saboda kowa ya san darajar abin da ke ciki.

A ƙasar Hausa ma an san irin wannan alfarma. Akwai hurumi, wato filin da aka keɓe ba a karɓar masa kuɗin ƙasa, kuma sarakuna sukan ɗauke wa manyan malamai wasu kuɗaɗe. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya kuma isa Masenya a 1852, ya rubuta cewa kowane magidanci a Kano yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, ban da kuɗin karofi da sauran na sana'o'i.

Su kuwa fatake, tasu dabarar tana hannun madugu. Shi ne yake zaɓar hanyar da ayari zai bi, ya san garin da fitonsa yake da sauƙi da wanda yake da tsanani, kuma shi yake shiga gaban sarkin gari da gaisuwa ya daidaita abin da ayarin duka zai biya. Bafataken da ya yi tafiya shi kaɗai yakan biya fiye da wanda ya shiga ayari. Wannan tsari ya girgiza a 1893, lokacin da Rabeh ya murƙushe Bagirmi, ya ci Barno, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, ya aza wa garuruwa nasa harajin domin ciyar da rundunarsa.

3.0 Zamanin Fort Lamy

A ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka gwabza da Rabeh a Kusuri, inda aka kashe shi, aka kuma kashe kwamandansu Lamy. Bayan 'yan makonni, ranar 29 ga Mayu, Emile Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin ya sa masa suna Fort Lamy. A wannan shekarar ce kuma majalisar Faransa ta yi dokar 13 ga Afrilu 1900, wadda ta wajabta wa kowace ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ta riƙa ɗaukar nauyin gudanar da kanta. Ke nan tun daga ranar da aka kafa garin, neman kuɗin shiga ne babban aikin jami'ansa. An shigar da Cadi cikin tarayyar ƙasashen Faransa na Afirka ta Tsakiya, mai hedkwata a Barazabil, a 1910, sannan ta zama yanki mai gwamnan kansa a 1920.

Ginshiƙin tsarin shi ne kuɗin kai, wanda Hausawan Nijar suke kira lanho, daga kalmar Faransanci ta haraji. Ana ƙidaya mutanen gari a rubuta, a yanka wa kowane baligi kuɗi iri ɗaya, mai hali da marar hali. Bayan wannan akwai harajin dabbobi, kwatankwacin jangali, da kuɗin lasin na masu ciniki, da kuma kwanakin aikin tilas na gyaran hanya da gine-ginen hukuma. Da farko akan karɓi hatsi ko dabba, daga bisani aka nace sai kuɗin Faransa, alhali mutanen kasuwa sun fi amincewa da azurfar Mariya Tareza. Har yanzu a kasuwannin Njamena ana lissafi da riyal, wanda yake daidai da sefa 5, kamar yadda ake lissafi da dala a Maraɗi da Damagaram.

Rangwame a wannan zamani ya bi aikin hukuma. Sojoji da 'yan sandan gwamnati suna cikin waɗanda aka ɗauke wa kuɗin kai, haka nan ƙananan yara da tsofaffi da naƙasassu, idan mai ƙidaya ya yarda ya rubuta su a haka. Mai kuɗi yana iya fansar kwanakin aikin tilas. Sarakuna da masu unguwanni kuma ana ba su wani kaso daga abin da suka tara. Wannan kason ya sa littafin ƙidaya ya zama abin ciniki, domin mai gari yana iya ɓoye wasu gidaje ya karɓi nasu ya riƙe, yana kuma iya barin sunan mamaci a rubuce ya tilasta wa danginsa biya.

Talaka da makiyayi ba su da takardar da za ta kare su, sai suka dogara da ƙafa. Makiyayi yakan raba garkensa kafin masu ƙidaya su iso, ya tura wani kashi daji ko ƙetaren iyaka. Mazaunin bakin kogi kuma kwalekwale kawai yake buƙata ya kwana a Kusuri, wadda take hannun Jamusawa har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ta koma ƙarƙashin wata gwamnatin Faransa dabam, ta Kamaru. A kudancin ƙasar, inda aka tilasta noman auduga tun daga 1928 domin kamfanin Cotonfran, hanyar gudu ta ƙuntata, saboda kuɗin audugar da manomi ya karɓa shi ne na biyan harajinsa, kuma hukuma ta san ranar da aka biya shi. Wannan ne ya sa jam'iyyar PPT, wadda Gabriel Lisette ya kafa a 1947, ta sami karɓuwa a kudu da kiran a kawar da auduga da haraji da sarakunan da ke karɓar sa.

3.1 Matsayin Hausawa

Hausawa sun shigo Fort Lamy ta hanyar hajji. Bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, jama'a da yawa sun nufi gabas, kuma hanyar da ta bi ta Maiduguri da Dikwa da Kusuri da Fort Lamy da Abeche zuwa Sudan ta zama babbar hanyar alhazai har zuwa lokacin da jirgin sama ya karɓe ta. Tafiyar takan ɗauki shekaru, don haka maniyyaci yakan yada zango ya yi sana'a ya tara guzuri. Wasu sun yi fawa, wasu ɗinki da dukanci da wanzanci, wasu sun buɗe makarantun allo, wasu kuma sun riƙe cinikin goro da tufafi daga Kano, wadda jirgin ƙasa ya iso a 1911. John Works ya yi nazarin waɗannan al'ummu a littafinsa na 1976 kan Hausawan Cadi.

Baƙo yana da matsala ta musamman game da haraji, domin ba shi cikin littafin kowane gari. Maganin da aka samu shi ne wanda aka saba da shi a kowane zango: a naɗa shugaba daga cikinsu, wanda zai tsaya tsakaninsu da hukuma, ya san wanda ya zauna da wanda yake wucewa. Fatoma ko maigida shi ma yana tsaya wa baƙonsa, ya ajiye masa kaya, ya nuna masa abin da ya wajaba ya biya da wanda zai iya kaucewa. Aikin madugu ne ya dawo cikin gari. Takardar shaidar biyan haraji kuwa ta zama kamar fasfo, domin matafiyin da ba ya ɗauke da ita yana iya sake biya a gari na gaba.

A Nijeriya ta Arewa Ingilishi sun bi wata hanya. Sun haɗe tsofaffin kuɗaɗe suka mai da su haraji da jangali, suka kafa baitulmali a masarautu wajen 1911, inda wani kaso yake zama a hannun hukumar gargajiya. Bafataken da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Fort Lamy ya san tsarin biyu, kuma yakan auna inda ya fi masa sauƙi a rubuta shi.

3.2 Sauye-sauyen Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Gwamnan Cadi Felix Eboue ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940, kuma Fort Lamy ta zama sansanin da dakarun Leclerc suka tashi zuwa Libiya. Bayan yaƙin an ƙirƙiro kuɗin sefa a Disamba 1945, sannan a 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ta ba jami'in mulki damar hukunta ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba. Ma'aikatan albashi suka ƙaru a birnin, tare da su kuma harajin kuɗin shiga irin na Faransa. Wannan haraji yana da wani sassauci da Faransa ta shigar a dokarta a ƙarshen 1945: ana raba abin da magidanci ya samu gida-gida gwargwadon iyalinsa kafin a yanka masa haraji, ta yadda mai mata da 'ya'ya zai biya ƙasa da gwauro mai albashi iri ɗaya. Amma ba ya samuwa sai da takardar aure da ta haihuwa. Manomin da ke da 'ya'ya goma a ƙauye kuwa, yawan iyalinsa ƙarin kuɗin kai ne a kansa da zarar sun balaga.

4.0 Bayan Samun Mulkin Kai

Cadi ta sami mulkin kai ranar 11 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Francois Tombalbaye. Sabuwar gwamnati ta riƙe kuɗin kai da harajin dabbobi, ta rage ƙarfin sarakuna, ta tura jami'ai, mafi yawansu 'yan kudu, su karɓi haraji a tsakiya da arewacin ƙasar. A 1964 ta ƙara da wani rance na ƙasa wanda biyansa dole ne. A wasu wurare abin da aka karɓa ya ninka na doka har sau uku, saboda jami'ai suna dawowa karɓa fiye da sau ɗaya a shekara. A 1965 mutanen Mubi na Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji suka kashe jami'ai, sojoji kuma suka mayar da martani da kisan jama'a masu yawa. A shekarar da ta biyo baya, a Yuni 1966, aka kafa ƙungiyar FROLINAT a garin Nyala na Sudan ƙarƙashin Ibrahim Abaca, yaƙin basasa ya kankama.

Da Faransa ta kawo ɗauki a 1969, ta haɗa sojojinta da wata tawagar gyaran mulki, kuma daga cikin shawarwarin tawagar akwai mayar wa sarakuna ikon tara haraji. Wato an gane cewa talaka ya fi jure wa harajin da zai iya yin ciniki a kansa da wanda ya sani. A 1973 Tombalbaye ya sauya wa birnin suna zuwa Njamena, aka kashe shi a juyin mulkin 1975.

Yaƙi ya shigo cikin birnin a Fabrairu 1979. An yi zaman sulhu a Kano a watan Maris na shekarar, wani kuma a Legas a Agusta, amma faɗa ya sake ɓarkewa a 1980 ya ɗauki kimanin wata tara, jama'a da dama suka ƙetare zuwa Kusuri. Abin lura shi ne, a 1979 ɗin ce gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, yayin da a Cadi harajin ya rushe tare da hukumar da ke karɓar sa, masu bindiga suka maye gurbinta da shingayen hanya. Bayan Hissene Habre ya karɓi birnin a 1982, ma'aikata sun shafe shekaru suna karɓar rabin albashi, ana kuma karɓar gudummawar yaƙi daga 'yan kasuwa.

5.0 Zamanin Rasit da Man Fetur

Tsarin da ya kawo rangwame irin na zamani ga 'yan kasuwa ya samo asali ne daga 1994. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, a ranar 16 ga Maris kuma aka sa hannu a Njamena kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar CEMAC ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Gyaran da ya zo a lokacin ya kasa kayan da ake shigowa da su gida huɗu, masu biyan kashi 5 da 10 da 20 da 30 cikin ɗari na kuɗin kwastan. A shekarar 2000 Cadi ta fara karɓar harajin sayen kaya, wanda ake kira TVA, a kan kashi 18 cikin ɗari.

Wannan haraji an gina shi ne a kan cirewa. Alal misali, ɗan kasuwar da ya sayi kayan sefa 1,000,000 zai biya 180,000 a kai. Idan ya sayar da su 1,300,000 zai karɓi 234,000 daga masu saye, ya cire 180,000 da ya riga ya biya, ya kai wa hukuma 54,000. Sharaɗin shi ne ya kasance yana da rajista, kuma yana riƙe da rasit na wanda ya sayar masa. Haka abin yake ga harajin riba: kamfani mai littafin lissafi yana cire albashin ma'aikata da kuɗin haya da wani kaso na kuɗin injuna da motoci a kowace shekara saboda tsufansu, kafin a yanka masa haraji. Dokar zuba jari ta 2008 ta ƙara da yafe wasu haraji na 'yan shekaru ga kamfanin da ya sami amincewar gwamnati a rubuce. A ɓangaren ɗaiɗaikun mutane kuma, dokar kasafin 2018 ta sake fasalin harajin kuɗin shiga, ta ɗauke shi daga sefa 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara.

Ƙananan 'yan kasuwa, irin waɗanda suka cika Babbar Kasuwa da Kasuwar Gero da ta Dembe, an ware musu wani haraji na dunƙule mai suna IGL, wanda ake yankawa bisa irin sana'a da girmanta. Yana da sauƙin fahimta, sai dai mai biyan sa ba ya cire komai, ko ya ci riba ko ya faɗi. Da yawa daga cikinsu sun ci gaba da tsohuwar dabara ta raba kaya ƙanana-ƙanana a ƙetaro da su ta gadar Ngeli daga Kusuri. Janet Roitman, a littafinta na 2005 kan yankin Tafkin Cadi, ta nuna cewa masu irin wannan ciniki ba sa ƙin biya gaba ɗaya, abin da suke tuhuma shi ne wa ya cancanci karɓa, da kuma abin da ake yi musu da kuɗin.

Girman abin da takarda ke iya jawowa ya fito fili a harkar man fetur. An fara tura man Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru a 2003. A Agusta 2006 Shugaba Idriss Deby ya umarci kamfanonin Chevron da Petronas su bar ƙasar bisa zargin ƙin biyan haraji. Kamfanonin sun dogara ne da wata yarjejeniya da suka ce ta ba su damar cire wasu kuɗaɗe daga ribarsu, gwamnati kuma ta ce yarjejeniyar ba ta inganta ba. A Oktoba aka daidaita, suka amince su biya kimanin dalar Amurka miliyan 280.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin rangwamen haraji a Njamena da kewayenta ta matakai huɗu. A zamanin dauloli, mahram ya kare malamai, madugu ya kare fatake. A zamanin Faransawa, rangwame ya bi masu aikin hukuma da waɗanda mai ƙidaya ya ga dama, sauran jama'a suka dogara da ƙaura. Bayan mulkin kai an tsananta karɓa ba tare da hanyar sassauci ba, abin ya kai ga Mangalme da yaƙin basasa. Daga 1994 zuwa yau kuma doka ta buɗe ƙofofin cirewa da yafewa, amma mabuɗinsu rajista ne da rasit da littafin lissafi, waɗanda akasari da Faransanci ake yin su, alhali harshen kasuwar birnin Larabcin Cadi ne. Ɗan kasuwar da ya iya riƙe waɗannan takardu yana biyan haraji a kan ribarsa, wanda bai iya ba kuma yana biyan abin da aka yanka masa, kamar yadda kakansa ya biya kuɗin kai a Fort Lamy.